Limamin da ya ɓoye maƙwabtansa a masallaci

Jama'a, darasinmu na yau ya fito daga Nijeriya, maƙwabciyarmu ta kudu. A jihar Filato, cikin ƙasar Barikin Ladi, akwai wani ƙauye, sunansa Nghar Yelwa. Mafi yawan mutanen wurin kiristoci ne, ƴan ƙabilar Birom, manoma. Musulmi ba su da yawa. A shekara ta 2018, limaminsu shi ne Malam Abubakar Abdullahi.

An daɗe ana rikici tsakanin manoma da makiyaya a wannan yanki, a kan gonaki da wurin kiwo. Da yake manoman kiristoci ne, makiyayan kuwa musulmi, sai rikicin ƙasa ya riƙa ɗaukar kamannin rikicin addini.

Ran asabar, 23 ga watan Yuni na shekara ta 2018, mahara ɗauke da bindigogi suka faɗa wa ƙauyukan yankin. Suna harbi, suna ƙone gidaje. Mutane suka watse da gudu, mata da goyo, tsofaffi da yara. Da yawansu suka nufi unguwar musulmi.

A lokacin liman yana da shekara 83. Bai tsaya tambayar kowa addininsa ba. Ya shigar da mata cikin gidansa. Ya shigar da maza cikin masallaci. An ƙidaya mutum 262.

Mahara suka iso ƙofar masallaci. Suka ce a fito musu da kiristocin da ke ciki. Tsoho ba shi da bindiga, ba shi da soja. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi buɗewa. Suka yi masa barazana. Sai ya zube ƙasa gabansu, yana kuka, yana roƙonsu. Ya ce in dai sai sun yi kisa, to su fara da shi. Ku duba fa: dattijo ne mai furfura, wanda jama'a ke durƙusa wa, shi ne ya durƙusa wa masu bindiga don ran mutanen da ba addininsu ɗaya ba. Daga ƙarshe mahara suka juya suka tafi. An kashe mutane da yawa a ƙauyen ran nan, amma waɗanda liman ya ɓoye sun tsira.

Me ya sa ya yi haka? Da ƴan jarida suka tambaye shi, sai ya tuna musu wani tsohon alheri. Shekaru fiye da 40 kafin wannan rana, musulmin ƙauyen sun nemi filin da za su gina masallaci. Kiristoci ne suka ba su filin, kyauta. Waɗanda suka ba da filin nan ba su san wata rana ginin zai zama mafakar ƴaƴansu da jikokinsu ba.

A shekara ta 2019 gwamnatin Amurka ta ba liman lambar yabo a kan ƴancin addini.

Kada mu ce wannan matsalar wasu ce can nesa. Ran 16 da 17 ga watan Janairu na 2015, a Damagaram da Yamai, zanga-zanga ta ɓarke saboda zanen ɓatanci ga Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) da wata jarida ta buga a Faransa. Aka ƙone coci-coci masu yawa, mutum 10 suka mutu. Kiristan Damagaram bai yi zanen ba. Wani ma bai taɓa ganin jaridar ba. Maƙwabci ne, rijiyarmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya, ƴaƴanmu na zuwa lakwal tare.

A cibiyar yaƙi da jahilci, bayan karatu, a tattauna wannan tambaya: in fitina ta tashi gobe, maƙwabcin da ba addininku ɗaya ba, ƙofar wa zai buga a garinku?