Yadda ake sa asid ya zana yara masu wasa

A 1657 aka buga wani kundi a Faris mai hotuna 50 na wasannin yara: masu lilo, masu hura kumfar sabulu, masu ɗaure wa ɗan'uwansu ido ya yi ta lalube. Jacques Stella ne ya zana su, amma 'yar ƙanwarsa Claudine Bouzonnet-Stella ce ta sauke su kan farantan tagulla, ba ta wuce shekara 21 ba. Sana'ar gida ce, har ƙannenta mata biyu sun koya.

Ga yadda ake wannan aiki: faranti za ka fara gogewa sai ka ga fuskarka, ka ɗumama shi, ka shafe shi da wani kaki da asid ba ya ci, ka turara masa hayaƙin kyandir ya yi baƙi. Da allura ake zanen, kuma kakin kawai take karcewa. Komai zai fito a juye, yaron da ke jifa da dama sai ka zana shi bahago.

Wurin asid ne ake gane gwani. Ka nutsa farantin, ruwan ya shiga cin duk inda allura ta bi, ƙananan kumfa na tasowa a kan layukan. Da gashin tsuntsu ake share su, in ba haka ba layin ya fito a tsittsinke. Jim kaɗan ka tsamo, ka ɗauraye, ka rufe bishiyoyin nesa da fenti mai kare tagulla, ka mayar. Jacques Callot, mutumin Nancy, shi ya gwanance a wannan dabara. Abin da ke nesa ya tsaya siriri, yaran gaba su ci gaba da zurfi har su yi kamar za su diro daga takarda. Ka yi jinkiri, layukan kumatu su haɗe, fuskar jariri ta koma ta tsoho, kuma abin da asid ya ci ya ciwu. Na ga mai bugu a tsugune bakin kwanon asid, ana yi masa magana bai ko ɗaga kai ba, kuma na ba shi gaskiya.

Sauran aikin ƙarfi ne. A wanke kakin, a cusa tawada cikin layuka, a share saman da ƙyalle sannan da tafin hannu, a ɗora jiƙaƙƙiyar takarda, a murza injin matsi. Bugun farko gwaji ne, shi zai nuna ko farantin zai sake komawa cikin asid.