Ina Kuɗin Makamai Suka Shiga?

Wani mai sauraronmu daga unguwar Arawa a Gombe yana son bayani kan badaƙalar kuɗin makamai.

To Malam, a Disambar 2015 aka kama Sambo Dasuki, tsohon mai ba Shugaba Jonathan shawara kan tsaro, bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na yaƙi da Boko Haram. An ce an bayar da kwangilar jirage da harsasai amma kaya ba su iso ba, wasu kuɗin kuma suka sulale zuwa yaƙin zaɓe. Dasuki ya musanta, aka sake shi a 2019.

Abin takaici, a 2014 an yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda ƙin fita fagen daga, alhali kukansu rashin makamai ne. Daga baya aka sassauta hukuncin.