Yunwa, Kwaɗayi da Kumallo: Nazarin Lokutan Cin Abinci da Alamomin Yunwa a Tsarin Rage Sitaci

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda jin yunwa yake sauyawa ga mutumin da ya rage cin sitaci da sukari, da abin da sauyin yake nufi ga lokutan cin abincinsa. An bi tarihin tsarin a taƙaice, an kawo sakamakon binciken masana aikin jiki, sannan aka auna shi da kalmomin da Hausa ta tanada na yunwa da ƙoshi. Nazarin ya nuna cewa abin da ake kira yunwa a dunƙule saƙonni ne mabambanta, kuma Hausa ta riga ta ba mafi yawansu sunaye. Wanda ya iya rarrabe su zai san wadda ake jira ta wuce, da wadda ake ba ruwa, da wadda ake ba abinci, da kuma wadda jinkirta ta kan kai ga halaka.

1.0 Gabatarwa

Cimar Bahaushe ta yau da kullum a kan hatsi ta ginu. Tuwo da fura da koko da kunu da waina da shinkafa duk sitaci ne jigonsu. Sai dai ciwon sukari da ƙiba sun sa mutane da dama a birane sun fara ƙaurace wa waɗannan abinci, wasu bisa shawarar likita, wasu kuwa bisa abin da suka karanta a intanet. Tambayar da akan fi yi ita ce, me za a ci? Tambaya ta biyu, wato yaushe za a ci, ba a cika yin ta ba, alhali a nan ne da yawa suke tuntuɓe. Wani zai yi kukan yunwa ta hana shi sakat a makon farko har ya watsar da tsarin. Wani kuma zai yi mamakin ganin azahar ta wuce bai nemi abinci ba, ya rasa ko alheri ne ko alamar cuta. A wannan maƙala an yi amfani da kalmar “sitaci” a madadin kabohaidiret baki ɗaya, har da sukari, domin sauƙaƙawa.

2.0 Asalin Tsarin da Ma'auninsa

A shekarar 1863 wani mai sana'ar shirya jana'iza a birnin Landan, William Banting, ya wallafa ɗan littafi a kan yadda ya rage fiye da kilo 20 cikin kimanin shekara guda, bayan likitansa ya hana shi burodi da sukari da dankali da madara da man shanu da giyar sha'ir. Abin lura a nan shi ne Banting sau huɗu yake cin abinci a rana. Ke nan tun asali rage sitaci daban ne da tsallake lokacin abinci. A 1921 Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara wani nau'i mai tsauri domin maganin farfaɗiya, da nufin jiki ya yi aiki tamkar yana azumi alhali mai shi yana ci. A 1972 littafin likita Robert Atkins ya yaɗa tsarin ga masu son rage ƙiba.

A ma'aunin da masana da yawa suke bi, wanda yake cin ƙasa da giram 130 na sitaci a rana ya rage sitaci, wanda kuma ya tsaya tsakanin giram 20 zuwa 50 ya shiga mataki mai tsauri. Giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa yana ɗauke da kimanin giram 28 na sitaci. Saboda haka faranti guda mai giram 300 ya zarce abin da mai bin mataki mai tsauri zai ci a yini sukutum.

3.0 Yadda Jiki Yake Sanar da Yunwa

A 1912 Walter Cannon da ɗalibinsa Washburn sun yi wani gwaji a jami'ar Harvard. Ɗalibin ya haɗiyi balan-balan da aka hura a cikinsa, aka ga cewa lokacin da yake jin murɗawar yunwa ya dace da lokacin da tumbinsa yake tsukewa. Daga baya an gano cewa tumbi da hanji, idan babu abinci a ciki, sukan yi wani motsi na share kansu kusan kowane minti 90 zuwa 120, wanda sau da yawa shi ne ƙugin cikin da ake ji.

Bayan motsin tumbi akwai sinadaran saƙo da suke bin jini zuwa ƙwaƙwalwa. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a jami'ar Rockefeller suka gano leftin, wanda kitsen jiki yake fitarwa domin sanar da yawan ajiyar da ke akwai. A 1999 Masayasu Kojima da Kenji Kangawa a Japan suka gano girelin, wanda tumbi yake fitarwa, kuma yake tayar da son ci. A 2001 David Cummings da abokan aikinsa suka nuna cewa girelin yakan hau gab da lokacin kowane abinci, ya sauka cikin sa'a guda bayan an ci. Wani bincike na 2005 ya ƙara da abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari: ko mutum bai ci komai ba, girelin yakan hau a lokutan da ya saba ci, sannan ya sauka da kansa bayan kimanin sa'o'i biyu. Ma'ana, wani kaso na yunwa sabo ne ya ɗora shi a kan agogo. Mai azumin Ramadan ya san wannan a jikinsa, domin yunwar da takan dame shi da hantsi da azahar a kwanakin farko takan lafa idan kwanaki suka ja.

Agogon jiki ma yana da nasa hannu. A 2013 Frank Scheer da abokan aikinsa suka gano cewa, ko da an daidaita tazarar abinci, jin yunwa ya fi ƙarfi wajen ƙarfe 8 na dare, ya fi rauni wajen ƙarfe 8 na safe. Wannan ya taimaka wajen fahimtar dalilin da ya sa mutum yakan tashi da safe ba ya jin yunwa sosai, duk da ya kwana bai ci ba.

4.0 Abin da Yake Sauyawa Idan an Rage Sitaci

Jiki yakan ajiye sukari a siffar gilaikojin, kimanin giram 100 a hanta da kusan giram 400 a tsoka, kuma kowane giram yana riƙe da kimanin giram uku na ruwa. Idan aka rage sitaci sosai, wannan ajiya takan ragu cikin 'yan kwanaki, ruwanta ya fita da fitsari. Insulin ma yakan sauka, ƙoda ta saki gishiri fiye da da. Daga nan ake samun ciwon kai da kasala da jiri a makon farko. Mai shi yakan ɗauka yunwa ce, alhali mafi yawa ƙarancin ruwa da gishiri ne.

Bayan wannan mataki hanta takan fara sarrafa kitse zuwa sinadaran kiton, waɗanda ƙwaƙwalwa take iya amfani da su a madadin wani kaso na sukari. A 2013 Priya Sumithran da abokan aikinta a birnin Melbourne na Ostareliya suka bi mutum 39 da suka rage nauyi cikin mako takwas. Sun ga cewa muddin kiton yana jini, girelin bai hau ba kamar yadda ya saba hawa bayan rage nauyi, amma da aka koma cin abinci na yau da kullum sai ya hau, yunwa ta dawo. Furotin kuma, wanda yakan ƙaru a wannan tsari, ya fi sitaci riƙe ciki.

Duk da haka bai kamata a zuzuta lamarin ba. A 2021 Kevin Hall da abokan aikinsa a Amurka suka ciyar da mutum 20 tsarin rage sitaci na mako biyu, da tsarin rage maiƙo na mako biyu, kowa ya ci iyakar son ransa. A tsarin rage maiƙo ne suka ci ƙasa, da bambancin kusan kalori 700 a rana, kuma ba su bayyana bambancin jin yunwa ba. Ke nan lafawar yunwa ba ta lamunce wa mutum cewa ya ci kaɗan ba, tunda maiƙo ya ninka sitaci kalori fiye da sau biyu.

5.0 Kalmomin Hausa a Matsayin Ma'auni

Hausa ba ta tsaya ga kalma ɗaya ba wajen bayyana buƙatar ciki. Idan aka jera kalmomin kusa da abin da ya gabata, za a ga kowace ta dace da wani saƙo na jiki.

Yunwa, a ma'anarta ta asali, ita ce buƙatar da take zuwa sannu a hankali, take ƙaruwa, kuma ba ta zaɓe. Mai jin ta zai ci dafaffen ƙwai ko kwaɗon zogale ba tare da ɓata rai ba. Ita ce karin maganar “da ruwan ciki ake jan na rijiya” take nufi, domin alamarta ita ce ƙarfin aiki ya ragu.

Kwaɗayi da marmari suna da zaɓe. Sukan faɗo farat ɗaya, su ambaci abin da suke so da suna: waina, alkaki, shayi da burodi. Gani ko ƙamshi ko zaman kaɗaici kan tayar da su. Su ne suka fi addabar sabon shiga a makonnin farko, musamman bayan magariba, lokacin da agogon jiki da ƙamshin tuwon dare suke haɗuwa. Gwajinsu mai sauƙi ne: idan aka miƙa ƙwai rai ya ƙi, to kwaɗayi ne.

Kumallo shi ne tashin zuciya da ɗacin baki da ake ji da safe idan ciki ba komai. Abin sha'awa ne cewa da shi aka raɗa wa abincin safe suna, aka ce karin kumallo, ba a ce karin yunwa ba. Harshen ya lura da abin da binciken 2013 ya auna, wato yunwar safe ba ta da ƙarfi, kuma ɗan abu kaɗan ya isa ya karya abin da ake ji.

Ƙishirwa takan saje da yunwa, musamman a makon farko da kuma lokacin bazara. Maganinta ruwa ne, ko romo mai ɗan gishiri ga wanda likita bai hana shi gishiri ba.

A ɓangaren gamsuwa kuma Hausa ta raba ƙoshi da ginsa. Ƙoshi cikar ciki ce. Ginsa kuwa ita ce rai ya fita daga abinci saboda maiƙonsa, ko da ciki bai cika ba. Wanda ya saba auna ƙoshinsa da nauyin tuwo a ciki zai ga kamar bai ci komai ba idan ya ci kifi da miyar kuɓewa zalla. A wannan tsari ginsa ce take riga zuwa, kuma ita ya kamata a saurara. Ganyaye irin su alayyahu da rama da kabeji sukan cike gurbin nauyin da aka saba ji.

6.0 Darasi a Kan Lokutan Ci

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ƙa'idoji huɗu. Ta farko, a makonni biyu na farko a riƙe lokutan da aka saba, safe da rana da dare, a sauya abin da ke cikin kwano kawai. Haɗa rage sitaci da tsallake abinci a lokaci guda yakan rikita alamomin, mutum ya kasa gane wanne ne ya jawo wanne. Ta biyu, idan jiki ya saba, yunwar da ta zo daidai da agogo a ba ta ruwa da ɗan jinkiri. Idan ta lafa, ta sabo ce, idan ta ƙaru, a ci. Ta uku, idan lokutan ci suka ragu zuwa biyu da kansu, a tabbatar kowanne yana da isasshen furotin, kamar ƙwai ko kifi ko nama ko awara ko kindirmo marar sukari, domin lafawar yunwa na iya ɓoye ƙarancin ci, musamman ga tsofaffi. Ta huɗu, a matso da abincin dare kusa da magariba gwargwadon iko, tunda jiki ya fi iya sarrafa sukari da safe fiye da dare.

7.0 Yunwar da Ba a Jira

Akwai alama ɗaya da Hausa ba ta ware mata suna ba, kuma ita ce mafi haɗari. Mai ciwon sukari da yake allurar insulin, ko yake shan magani irin gilibenkilamaid, idan ya rage sitaci ba tare da an rage masa magani ba, sukarin jininsa na iya faɗuwa ƙasa da miligiram 70 a kowace desilita. Alamominsa su ne yunwa mai tsanani farat ɗaya, da makyarkyata, da zufa, da bugun zuciya, da ruɗewa. Wannan ba a gwada ta da jinkiri. Ana shan kimanin giram 15 na sukari nan take, a sake aunawa bayan minti 15. Barin ta kan kai ga suma, har ma ga rasa rai. Don haka mai irin waɗannan magunguna, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, da mai shayarwa, kada su fara tsarin sai da sanin likita.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa rage sitaci yakan lafar da wani kaso na yunwa, amma ba ya goge wadda sabo da agogon jiki suka dasa, ba ya kuma kawar da kwaɗayi. Ta kuma nuna cewa kalmomin yunwa da kwaɗayi da marmari da kumallo da ƙishirwa da ƙoshi da ginsa sun isa zama ma'aunin da ma'aikacin lafiya zai yi wa majinyaci bayani da shi cikin harshensa. Giɓin da ya rage shi ne na faɗuwar sukarin jini. Muddin ana kiran ta yunwa kawai, majinyaci zai iya ɗaukar ta a matsayin wadda ake daurewa. Samar mata da suna mai sauƙin riƙewa, wanda zai bambanta ta da sauran, aiki ne da ya dace masana harshe da likitoci su zauna a kansa tare.