Darasi ga iyaye: yaro ya san kalma da ido

Akwai wani abu da ke faruwa cikin gidajenmu wanda ya kamata mu lura da shi. Yaro zai rera Nasi da Falaƙi ba tuntuɓe, uba ya yi ta murna. Amma in ka ɗora yatsa bisa allo ka ce, "Wannan kalma fa?" sai ya koma farkon sura yana bin ta da ka har ya iso wurin. Kunnensa ya karanta, idonsa bai fara ba. Irin wannan yaro yakan kai izu biyu ko uku kafin asiri ya tonu, lokacin da hadda ta yi masa nauyi.

Malam a makarantar allo yana da aikinsa: babbaƙu tukuna, sannan farfaru. Kada kowa ya raina wannan tsari, shi ne tushe. Abin da gida zai ƙara kaɗan ne, wato ƴan kalmomi da ke yawan dawowa, waɗanda ya kamata yaro ya gane su da kallo ɗaya kamar yadda yake gane fuskar mahaifiyarsa.

A fara da lafazin Allah. Ya zo a Alƙur'ani fiye da sau 2,600, kuma rubutunsa bai bi yadda yaro ya saba haɗa baƙi da wasali ba, don haka gara ya riƙe siffarsa ɗungum. Sai "ƙul", wadda da ita Nasi da Falaƙi da Ƙulhuwallahu suka buɗe. Sai "min". Uku sun isa mako guda.

Rubuta kowace a gefen allo da manyan baƙaƙe. Faɗa, ya faɗa, ya bi ta da yatsa. Daga nan ka ce ya nemo ta cikin surar da ke allonsa. A Nasi, kalmar "annasi" ta zo sau 5; ka bar shi ya farauto su da kansa. Mafi yawan yara sukan kawo shida, domin "alhannasi" ta ruɗe su. Kada ka tsawata. Ajiye biyun kusa da juna ya duba inda suka rabu, gama darasin yana nan.

Minti goma bayan magariba ya wadatar. In ya fara hamma, a tashi. Uwa ko yaya da ta yi makaranta tana iya ɗaukar wannan aiki, sau da yawa ma ta fi uba haƙuri.

A kula da abu guda. Rubutun Warshu da muka gada yana sa wa ƙaf ɗigo ɗaya a sama, fa kuwa ɗigo ɗaya a ƙasa. A bugun Hafsu da alhazai ke kawowa daga Madina, ƙaf ɗigo biyu ne, fa kuma ɗigonta ɗaya a sama. Yaron da ya saba da na farko, in ya ga fa a na biyu sai ya kira ta ƙaf. Tambayi malaminsa wane yake koyarwa, ka tsaya a kansa har ido ya zauna.

Wanda ɗansa ke zuwa lakkol ya yi haka da kalmomin Faransanci irin su "est" da "les", waɗanda ba a furta su yadda aka rubuta. Sai dai a raba musu lokaci, na allo da dare, na lakkol da hantsin Lahadi.