Fumfuna da Sojojin Jiki: Abin da Makero Ke Nuna wa Malamin Firamare

1.0 Gabatarwa

Malamin da aka tura koyarwa a wata firamare a Jabo ko Sanyinna cikin ƙasar Tambuwal, ko Kuchi a ƙasar Kebbe, da wuya ya gama zango ɗaya bai ga yaro mai makero a ka ba. Wani yaron tabonsa busasshe ne, fari-fari kamar an barbaɗa toka, ya shekara da shi bai ko damu ba. Wani kuwa kansa ya kumbura, yana ruwa, ko hula ba ya iya sawa. Ciwo ɗaya ne mai kamanni biyu. A wannan darasi za a duba dalilin bambancin, wato yadda jiki ke tarbar abin da ke kawo ciwon.

1.1 Kalmomi Biyu

Abin da ke kawo makero fumfuna ce. Sakkwatawa kan ce hunhuna, kamar yadda suke cewa hura da huska a maimakon fura da fuska. A maganar yau da kullum, fumfuna ita ce abin da ke fitowa a kan tuwon da ya daɗe, ko geron da laima ta kama a rumbu. A nan an faɗaɗa ma'anar ta ƙunshi dangin halittar duka, har da yis na burodi da laimar kwaɗi. Fumfuna ba bakteriya ba ce, don haka kafson da ake sha don bakteriya ba ya kashe ta. Ba tsutsa ba ce kuma, duk da cewa sunan makero a Ingilishi yana nufin tsutsa mai zobe.

Kalma ta biyu ita ce "garkuwar jiki", wadda ta bazu ta gidajen rediyo lokacin yaƙi da ƙanjamau. Kalmar ta zauna, ba mai iya ture ta, amma tana da rauni. Garkuwa dai tare kibiya kawai take yi, ba ta tantance abokin gaba, ba ta bin sa. Fararen ƙwayoyin jini kuwa suna tantancewa, suna bi, suna kashewa. Shi ya sa "sojojin jiki" ta fi dacewa da wannan darasi.

1.2 Yadda Sojojin Jiki Ke Gane Fumfuna

Ire-iren fumfuna a duniya sun kai miliyoyi, amma 'yan ɗaruruwa ne kawai ke sa wa ɗan Adam ciwo. Yawancinsu ba sa iya tsira a zafin jikin mutum, wato digiri 37. Waɗanda suka iya kuwa sai sun fuskanci sojoji.

Na farko a cikinsu ita ce ƙwayar makurofaj, wadda za a iya kira mahaɗiya. Zaune take a huhu da fata da sauran sassan jiki tana gadi. Kowace fumfuna tana da bango, kuma a cikin bangon akwai wani nau'in sukari mai suna beta-gulukan, wanda jikin mutum ba ya ƙera irinsa. A shekarar 2001 Gordon Brown da Siamon Gordon na Jami'ar Okusfod suka nuna cewa wani ma'aji a bayan mahaɗiya, mai suna dektin-1, shi ke kama wannan sukari. Da ya kama, sai mahaɗiya ta haɗiye baƙuwar, ta kulle ta cikin wata 'yar jaka, ta zuba mata asid da guba. Sannan ta saki sinadaran kiran agaji.

Masu amsa kiran da gaggawa su ne ƙwayoyin niyutirofil. Amfaninsu yana fitowa ne idan fumfuna ta miƙe ta zama zare, ta fi ƙarfin haɗiya. A 2004 masu bincike a Jamus suka gano cewa niyutirofil kan fasa kanta ta watsa abin cikinta kamar komar masunci, abokin gaba ya maƙale. Daga baya aka ga komar tana kama zaren fumfuna. Mugunyar da ake gani a gyambo yawanci gawarwakin waɗannan ƙwayoyi ne. A bayansu akwai ƙwayoyin CD4, waɗanda ke ba da umurni, suna ƙara wa mahaɗiya kaifi.

1.3 Makero

Fumfunar makero ba ta shiga cikin jiki da nisa. Abincinta keratin ne, wato abin da aka gina gashi da farce da bayan fata da shi. Tana faɗaɗa daga tsakiya zuwa waje, sojoji na bin ta a baya. Tsakiyar tabon ta lafa, bakinsa kuwa ya yi tudu yana ƙaiƙayi, domin nan ne ake fafatawa. Zoben da ake gani ke nan.

Yanzu sai a koma ga yaran nan biyu. Akwai irin fumfunar da ta saba da ɗan Adam, tana yawo daga kai zuwa kai ta askar wanzami da mataji da hular aro da tabarmar kwana. Daɗewar zama ta sa ba ta tayar da sojoji sosai, sai ciwon ya zo da sauƙi amma ya daɗe, yaron kuma yana ta raba wa 'yan ajinsa. Akwai kuma wadda gidanta jikin dabba ne, kamar ta shanu, wadda yaro mai kiwon maruƙa kan ɗauka. Ita baƙuwa ce fil, jiki kan far mata da dukkan ƙarfinsa, kai ya kumbura, ya yi mugunya. Likitoci suna kiran wannan kumburi keriyon. Mafi yawan ɓarnar da ido ke gani a nan aikin sojojin yaron ne, ba na fumfunar ba, kuma idan aka yi jinkiri wurin kan warke da tabo, gashi ya ƙi fitowa har abada. Tsaga shi da aska ba ya ƙara komai sai wahala.

Babban kuskuren da ake yi shi ne shafa man da ke ɗauke da sitiroyid, irin wanda ake saye a kemis ko a kasuwa ba da izinin likita ba, har da wasu mayukan bilicin. Sitiroyid ba ya taɓa fumfuna, sojoji yake kwantarwa. Ƙaiƙayi ya tsaya cikin kwana biyu, uwa ta ce magani ya karɓa, alhali fumfuna ta sami fili ne. Makeron kai kuma, da yake cikin silin gashi yake, shafe-shafe kaɗai ba ya kai masa. Sai an sha ƙwaya, kamar girisiyofulbin, na tsawon makonni bisa umurnin ma'aikacin lafiya. Ciwon kan ragu bayan balaga saboda maiƙon da fatar kai ke fitarwa, amma wannan ba hujjar barin yaro ɗan shekara 7 da shi ba ce.

1.4 Masu Ɓuya a Cikin Jiki

Wasu fumfunonin shaƙar su ake yi. Mafi haɗari a Afirka ita ce kiriftokokus, wadda ake samu a busasshen kashin tattabaru. Tana lulluɓe bangonta da kauri mai santsi, ma'ajin mahaɗiya ya rasa abin kamawa. Ko an haɗiye ta takan rayu a cikin jakar, ta hayayyafa. A 2006 aka gano cewa tana iya fita daga cikin mahaɗiya ba tare da ta kashe ta ba. Mai lafiya ba ya ma sanin ya shaƙe ta, domin ƙwayoyin CD4 na tsaye. Idan ƙanjamau ya cinye su, sai ta kai ƙwaƙwalwa ta haddasa sanƙarau, wanda ya bambanta da sanƙarau na bazara da bakteriya ke kawowa. An ƙiyasta cewa a 2020 ta kashe mutum kusan 112,000, fiye da rabinsu a Afirka kudu da Sahara.

Histofilasma kuwa tana rufe beta-gulukan ɗinta da wani sukarin daban, ta mai da cikin mahaɗiya gidanta. Nau'inta na Afirka an same shi a ƙasar kogon jemagu na Ogbunike a Jihar Anambra, kamar yadda aka bayyana a 1994. A watan Oktoba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fumfunoni 19 mafiya barazana, ta sa kiriftokokus a rukunin farko.

1.5 Aiki

1. Tsakanin "garkuwar jiki" da "sojojin jiki", wace ta fi fito da aikin mahaɗiya? Kawo hujja.
2. Tattaro sunayen da ake kiran makero da ƙyasfi da su a karin harshen garinku.
3. Rubuta wa mahaifin wani ɗalibinka wasiƙa mai sakin layi biyu, ka bayyana masa dalilin da ya sa lafawar ƙaiƙayi bayan shafa mai ba warkewa ba ce.