Amsoshin Tambayoyinku: Kawu ya ƙwace mini littafin mayu

Tambaya: Ni ɗalibar sakandare ce daga Boɗinga. Wata ƙawata ta ara mini littafin Turanci mai suna Akata Witch, na kasa ajiye shi har na kusa ƙarshe. Da na je hutu Shagari, kawuna ya gan shi ya ƙwace, ya ce koyon maita nake yi. Ga shi kuma wani dare na yi mafarkin abin da na karanta, na farka da tsoro. Malam, na yi laifi ne?

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki. Hukuncin addini na malaman fiƙihu ne, ni abin da ya shafi littafi zan gaya miki.

Nnedi Okorafor ce ta rubuta shi, 'yar ƙabilar Ibo da aka haifa a Amurka, ya fito a 2011. Labarin Sunny ne, zabiya 'yar shekara 12 a garin Aba, wadda ita da abokanta uku suka tunkari wani mugu mai kashe yara don tsafi. Abin da ya fi burge ni a ciki shi ne yadda kuɗi ke zubo wa yaran daga sama duk sa'ad da suka koyi wani sabon abu. Marubuciyar ta gina duniyar da ilimi ne arziƙinta. Babu wani surkulle a shafukan da zai yi aiki in kin gwada, ƙirƙira ce tsantsa. Mafarkin kuwa, duk wanda ya kwanta da tatsuniyar Dodo a kunne ya san irinsa. Ki daina karatun da dare, ki riƙe addu'ar kwanciya.

Amma kada ki raina damuwar kawu, tana da tushe. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumarku, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma a littafinsa Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga masu duba da tsafi. Wanda ya tashi a wannan ƙasa, dole gabansa ya faɗi in ya ga 'yarsa da littafin mayu. Sai dai masu aikata abin Shehu ya soka. Labarin aljannu kuwa mun daɗe muna karanta shi a aji: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933, duk jarumansu sun shiga duniyar aljannu.

Ni inda nake jin tsoron maita ba a takarda ba ne, a unguwa ne. Yaro ya yi zazzaɓi mai zafi yana sambatu, ya ambaci sunan wata tsohuwa, sai a ce ta kama kurwarsa, a taru a kanta a ce sai ta tsallake shi, alhali asibiti yake buƙata. Dokar Penal Code ta Arewa ma ta mayar da jifan mutum da maita laifi.

Game da kawu, kada ki yi jayayya da shi. Ki sa mahaifiyarki ta yi masa magana, tunda ɗan'uwanta ne, sannan ki ba shi labarin da bakinki tun daga farko. In ya ƙi, ki roƙe shi ya mayar wa ƙawarki kayanta, don aro ne.