Wace Irin Fatsa Ta Dace da Kwalekwale?

Tambaya: Malam, ina kamun kifi a ƙaramin kwalekwale a gulbin Gagare, nan Ƙauran Namoda. Wace fatsa zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, kada tsawon sanda ya ruɗe ka. Na bakin gaɓa ne ke buƙatar doguwa. Kai a zaune kake, kwalekwalenka na kai ka har wurin kifin. Nemi mai kimanin mita 2, yadda in tarwaɗa ta kurɗa ƙarƙashinka za ka iya zagayo da zaren ta goshin kwalekwalen ba tare da ka miƙe ba. Miƙewar nan ce ke kifar da mutane. Gindinta ya zama gajere, kada ya riƙa sarƙe maka riga.

In mai na'urar naɗe zare ce, ja zaren da hannu tun a gaban mai kaya: ya fito sumul, ba da fizga ba. Ruwan Gagare da na Bunsuru ta wajen Zurmi akwai yashi da damina, sai ka riƙa ɗauraye na'urar kullum.

Karfasa bakinta ƙarami ne, ƙaramar ƙugiya da tana sun ishe ta. Ka ɗaure sandar jikin kwalekwale da igiya. Kafin ka je sayen fatsar a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, tuntuɓi Sarkin Ruwan yankinku.